Tafiyar keke zuwa Haɗeja: sola ko dinamo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina za mu tashi a keke daga Gezawa, mu bi ta Ringim da Gujungu har Haɗeja, muna kwana a ƙauyuka. Waya ce taswirarmu, fitilar keken ma mai caji ce. Sola zan saya ko dinamo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya. Kafin ka taɓa ko ɗaya, nemi fawa banki na gaske mai 20,000mAh. Sai dai kada lambar ta ruɗe ka, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar yakan salwanta wajen ɗaga ta daga bolt 3.7 zuwa 5. Waya mai batir 5,000mAh, irin yawancin Tecno da Infinix, sau biyu da ɗoriya za ta cika. Ka ɗaga shi a hannu kafin ka biya kuɗi. Na gaske ba ya gaza giram 300.

Dinamo wat 3 kacal yake bayarwa, kuma wutarsa na bin gudun taya, ba a jona masa waya sai da na'urar daidaita wuta. In kun shiga rairayi kuna tura keke, babu abin da zai tsinana. Ka bar shi wa fitila.

Sola mai naɗewa, kamar wat 20, ta fi dacewa da ranarmu. Ɗaure ta a saman kaya, ta riƙa cika fawa bankin, waya kuma ta sha daga gare shi da dare. In ka jona waya kai tsaye, duk inuwar darbejiyar da kuka ratsa sai cajin ya katse. Da hunturu ka riƙa goge ƙura.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Da bazara yankin nan yakan haura digiri 40, kuma zafi ne ke kashe batir. Tura fawa bankin can cikin jaka tsakanin tufafi, waya kuma kada ta wuni a kan ƙahon keke. Batirin da ya kumbura, ka rabu da shi nan take.

Inda sabis ya yi rauni, waya na ƙarar da kanta wajen nemansa. Sauke taswirar Google Maps tun daga gida, ka sa waya a yanayin jirgi. Za ta ci gaba da nuna inda kake. Ka riƙe kan caja mai sauri da kebul biyu, duk garin da kuka tsaya sallah da cin abinci ka miƙa fawa bankin a shagon masu caji, wayarka kuwa ta zauna a aljihunka.