Motar da ta sha ruwa ba a yi mata kik

Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ka gani a wayarka, cewa a shirin motoci na Top Gear an nutsar da Hilux a teku kuma ta tashi, sannan in haka ne, me ya sa na hana ku taɓa makullin motar da aka jawo mana jiya daga fadama. Da wani abu ka tambaya, da na ce ka koma bakin aikinka, amma wannan tambayar ta fama mini tsohon miki.

Abin da ka gani ya faru. A shekarar 2003 tashar BBC ta nuna shi a Ingila, da wata tsohuwar Hilux mai shan gas ƙirar 1988 wadda ta riga ta ci mil 190,000. Jeremy Clarkson, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin, ya gwara ta da bishiya, aka bar ta a bakin teku har ruwa ya shanye ta na sa'o'i, aka cinna mata wuta, daga baya aka ɗora ta a kan dogon bene aka rusa shi da nakiya, kuma duk da haka makanikensu ya tayar da ita ba tare da an ba shi sabon kayan gyara ba. Ban musa ingancin motar ba, domin na fi shekara talatin hannuna yana cikinta. Abin da ku yaran yanzu ba ku lura da shi ba, saboda idonku yana kan dariyar masu gabatarwa, shi ne injin a kashe yake lokacin da ruwan ya rufe ta, kuma wahalar da makaniken ya sha ba ta samu ko minti biyar a cikin shirin ba.

Injin gas yana matse iska ya mayar da ita kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, da zafin matsin nan man yake kamawa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya cika saman fistin ka yi kik, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai kan kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ko dai ya lanƙwashe ko ya karye ya fasa bulok.

A damanar 2010, shekarar da ambaliyar Gulbin Rima ta cinye gadar hanyar jami'a a Sakkwato, wani ɗan kwangila da ba zan kama sunansa ba ya sa aka jawo mini Hilux ɗinsa da sassafe. An wanke ta tas, har tayoyin suna ƙyalli. Ya ce tafiya yake yi a kan kwalta ta mutu, yana zaton batir ne, kuma sauri yake yi. Na buɗe gidan iyakilina, wato matacin iskar da ke shiga inji, na tarar da sabo fil, busasshe, na kuwa yaba masa a raina cewa mutum ne mai kula da mota. Na zaro ma'aunin baƙin mai, ban ga farin da ruwa kan sa ba, domin ashe shi ma an juye shi a daren. Na sa aka kawo babban batir, da hannuna na murɗa makulli. Injin ya juya rabi, ya yi wata ƙara kamar an buga guduma a kan turmi, ya tsaya cik.

Da muka sauke kan injin, sai ga ruwan laka a silinda ta uku, kwanrod ya tanƙware kamar lauje. Nan take mutumin ya ɗaga murya a gaban yarana, ya ce lafiya lau ya kawo motarsa, ni na kashe ta. Sai bayan wata biyu direbansa, da suka ɓata, ya zo ya gaya mini cewa cikin ruwa suka kutsa da ita a wajen Kwalkwalawa, kuma sun yi ta yi mata kik kafin su haƙura. Ke nan mai yiwuwa kwanrod ɗin ya riga ya tafi tun a can, amma a lokacin da shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai suka zauna sulhu ba ni da wannan shaida, kuma kowa ya ga hannuna a kan makulli. Na tafi Ƙofar Ruwa a Kano na sayo rabin inji da kuɗin da nake tarawa na kujerar Makka. Sai bayan shekara huɗu na sauke farali. Har yau in ya wuce ta gaban garejin nan yakan ɗaga mini hannu, ni kuma in amsa, don ba a hana Musulmi sallama.

Saboda haka motar jiya ba ruwana da abin da mai ita ya faɗa. Ka ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ka leƙa cikin fitilun gaba, ka sa yatsa a cikin bututun da ya wuce iyakilina, domin mai wanke mota ba ya kaiwa nan. In ka ga danshi, ka kira mai motar ya gani da idonsa kafin ka ɗauki sifana. Bayan haka ka cire hita fulogi duka, ka juya injin da hannu ta kan fule, a hankali, har ruwan ya fito. Juye mai da duba giya da aksul ba sai na faɗa maka ba, in har shekara biyun da ka yi a nan ba kallon waya ka yi da su ba. Makullin yana aljihuna, kuma a nan zai kwana.