Mustang ta 2014 ko ta 2015, wacce ta fi laushin tafiya?

Malam, tambayarka ita ce ko akwai bambancin jin daɗin zama tsakanin Ford Mustang tokumbo ta 2014 da ta 2015, tunda shekara ɗaya ce tsakaninsu. Akwai, kuma babba ne.

Daga 2005 zuwa 2014, tayoyin baya a kan ƙarfe guda suke. Idan tayar dama ta faɗa rami, ta hagu ma sai ta amsa, bayan motar ya yi tsalle, musamman a kwana mai gargada. Daga 2015 kowace taya ta baya ta samu nata motsin daban, shi ya sa girgizar ba ta kai wa ƙugunka sosai. Daga 2018 wasu suna zuwa da shok na MagneRide mai daidaita taurinsa da kansa. Daɗi kam akwai, amma ranar da ya fara yoyo, aljihu zai ji a jikinsa.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne kallon shekara kawai. Ta 2015 mai rim inci 20 da siririyar taya, ko wadda aka rage wa tsayi, za ta iya fin ta 2014 mai inci 18 jijjiga. Mai Performance Pack ma, wato ƙarin kayan gudu da kamfani ke sakawa, sifirin ɗinta ya fi tauri.

Kafin gwaji, kwatanta iskar taya da adadin da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba, don masu sayarwa kan cika ta fiye da ƙima. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a baya, kai wa makanike ya ɗaga ta ya duba bushin (robobin mahaɗar ƙarafunan ƙasan mota) da shok kafin ka biya.