Hatimin gindin tulu ya isa shaidar tsufansa?

Tambaya: Malam, na gaji wani tulun ado na tangaran daga mahaifiyata, mai zanen furanni ruwan hoda da tsuntsaye. A gindinsa akwai jan hatimi da rubutun Sinanci, wani ya ce min sunan Sarki Qianlong ne. Ke nan ya haura shekara 200?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Sai dai kada ki dogara da hatimin nan. Zamanin Qianlong daga 1736 ne zuwa 1795, amma maginan Jingdezhen, garin da ya yi fice wajen tangaran a ƙasar Sin, ba su daina sa sunansa a kaya ba bayan rasuwarsa, wasu don girmamawa, wasu don kasuwa. Har gobe ana yi.

Zanen ya kamata ki duba. Irin wannan tulu sau biyu yake shiga wuta. Da farko a gasa shi da ruwan sheƙinsa a zafin da ya kai wajen digiri 1,300. In ya huce, a zana shi da launukan garin gilashi, a mayar da shi wuta mai sauƙi, wajen digiri 800, launin ya narke ya kama. Shi ya sa in kin shafa furannin za ki ji su tudu-tudu.

Ruwan hodar nan daga zinariya ake samo ta, kuma sai wajajen 1720 ta shiga tangaran ɗin Sin. Kafin nan, a zamanin Sarki Kangxi, kore ne ya fi rinjaye. Tare da ruwan hodar aka samu wani farin launi mai kauri da ake gauraya ta da shi, har mai zane ya iya sa bakin fure ya yi duhu, cikinsa ya riƙa haske a hankali. Wannan gwaninta ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma a nan na jabu ya fi tona kansa. Ki sa madubin ƙara girma: aikin hannu za ki ga sawun buroshi, fure bai zama daidai da ɗan'uwansa ba. In ɗigo-ɗigo kika gani a jere, bugun inji ne.

Daga nan ki kifa shi a kan matashi ki duba zoben gindin, inda babu sheƙi. Tsoho yakan yi santsi saboda daɗewa, amma 'yan damfara kan shafa masa datti, don haka duhu kaɗai ba hujja ba ne.

Kafin ki kai wa masani ya riƙe da hannunsa, kada ki goge shi da soson ƙarfe ko toka. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun isa, domin in akwai layin zinariya a bakinsa, saurin gogewa gare shi.