Tazara a sunan folda ce ke hana firogiram tashi

Ɗan'uwa ka ce in ka buga hanyar firogiram ɗin da ke cikin C:\Program Files a cmd (tagar buga umarni ta Windows) sai ya ce bai san C:\Program ba. Ka kewaye hanyar gaba ɗayanta da alamar zance, kamar haka "C:\Program Files\Git\bin\git.exe", zai tashi insha Allah.

Shi cmd da ya ci karo da tazara sai ya ɗauka sunan ya ƙare a nan, ragowar kuma wani abu ne daban. Amma fa in PowerShell (wata tagar umarni ta Windows) kake ciki alamar kaɗai ba ta isa ba sai ka fara sa & kafin ta, in ba haka ba rubutun kawai zai maimaita maka ya yi shiru, na sha ganin wannan yana wahalar da mutane wallahi. Ni dai foldar aiki ba na barin tazara a sunanta, _ nake sawa.