Kada Ka Koya wa Kwamfuta Zaɓen Shekarun Baya

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya tattara takardun masu neman gurbin karatu na shekarun baya, ka ba kwamfuta su tare da hukuncin da kwamiti ya yanke, ta koyi zaɓe irin nasu. Za ta koya kuwa, har da son zuciyarsu.

An yi haka a makarantar likitanci ta asibitin St George's da ke Landan. Zaɓen manhajarsu ya dace da na malamai har kashi 90 cikin 100, aka sakar mata aikin. A 1986 malamai biyu suka gano tana rage wa mata maki, da masu sunayen da ba na Turawa ba. Rahoton hukumar yaƙi da wariyar launin fata na 1988 ya tabbatar da haka. An ƙiyasta cewa waɗanda ake hanawa zuwa ganawa na iya kai mutum 60 duk shekara.

Don haka raba aikin. Tantance takardu na kwamfuta ne: wanda bai haɗa sakamakon jarrabawa ba, wanda ya cike fom sau biyu, wanda ya sa wata a gurbin rana wajen rubuta kwanan wata. Kada ta bar gurbin da ba a cike ba ya zama sifili, domin nan ne ɗalibai masu ƙoƙari kan zube ba wanda ya sani. Ta ware takardar, a aika wa mai ita saƙo.

Lissafin maki ma nata ne, amma kwamiti ya zauna ya rubuta ƙa'ida da nauyin kowane darasi, ya sa hannu kafin a buɗe karɓar takardu. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya nuna cewa ƙa'ida mai sauƙi takan kamo hasashen ƙwararre ko ta fi shi, saboda ita ba ta gajiya, ba ta kuma sauya ma'auni da yamma.

Waɗanda ke gab da layin yanka kuwa, wato mafi ƙarancin makin da ake ɗauka, mutane biyu su karanta, kowa shi kaɗai. Ɓoye musu makin kwamfuta sai sun rubuta nasu. Masana halayyar ɗan Adam Tversky da Kahneman sun nuna a 1974 cewa lambar da mutum ya fara gani tana jan hukuncinsa, ko da ba ta da alaƙa da tambayar. Mai karatun da ya ga 62 a kan takarda da wuya ya yi nisa da ita.

Kafin ka fara aiki da ita, ɗauki takardu 200, sauya suna da jinsi kawai, ka sake zuba su. In maki ɗaya ya motsa, tsaya ka bincika. Cire suna kaɗai bai wadatar ba, domin unguwa da tsohuwar makaranta suna tona asalin mutum. Shekarar farko a yi aikin da hannu da manhaja tare, ka ajiye dalilin kowane hukunci a rubuce saboda masu ɗaukaka ƙara.