Neman asalin kakanku a ƙasar Gwandu

Ɗan uwa, tunda ka ce kakanku alƙali ne a ƙasar Gwandu kuma kana son gano tarihinsa, to kar ka tsaya Birnin Kebbi kawai, don sai 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato, fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ka leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ma. Amma don Allah fara zama da tsofaffin gidanku tun suna raye, ka rubuta garin kakan naku, laƙabinsa da hakimin lokacin, don suna irin Muhammadu kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba. Ka tafi da malamin da ya iya Larabci da ajami, yawancin tsofaffin takardun alƙalai ba da boko aka rubuta su ba.