Injin Niƙa Mai Aiki da Ruwa: Zai Yiwu a Bakin Binuwai?

TAMBAYA: Malam, ɗana da ke karatu a Faransa ya ziyarci wani tsohon gidan niƙa a wani ƙaramin gari na bakin kogi, ya ce ruwa kawai ke juya shi. Ni kuwa man dizal na cinye ribar injina. Yaya yake aiki, kuma zan iya kafa irinsa a nan?
Daga wani mai injin niƙa, Garwa.

AMSA: Alhaji, gaskiya yaronka ya faɗa, kuma dabarar tsohuwa ce. A Barbegal, kusa da birnin Arles na Faransa, Rumawa sun jera gargare 16 a gangaren tudu tun ƙarni na 2.

Ana tare kogi, a janyo ruwa ta magudana zuwa babban gargare na katako. Mai niƙa ya ɗaga ƙofar ruwa, gargaren ya fara juyawa a hankali, kamar sau 10 a minti. Giya mai haƙora ce ke ninka gudun har dutsen niƙa na sama ya kai wajen sau 120. Na ƙasa a kafe yake, kamar uwar dutsen niƙa na tsakar gida. Tsaba na zubowa daga mazurari ta ramin tsakiya, garin ya bi tsagogin da aka sassaƙa a fuskar dutsen ya fito ta gefe. In tsagogin suka shafe, gari zai fito da zafi, sai a ɗaga dutsen a sake sassaƙa. Babban haɗari shi ne tsaba ta ƙare duwatsun na gudu: su gogi juna, su yi tartsatsi, ƙurar gari kuwa tana kama wuta. Shi ya sa ake ɗaura ƙararrawa a mazurari.

Batun Garwa kuma, ba yawan ruwa ake nema ba, faɗowarsa ake nema. Lita 100 a daƙiƙa, in ta faɗo daga tsayin mita 3 bisa kan gargare, za ka samu kilowat 2 ko kusa da haka, abin da zai juya ƙananan duwatsu. Binuwai a Garwa shimfiɗe yake. A irin wannan wuri sai dai gargaren da ruwa ke turawa ta ƙasa, shi kuwa da ƙyar yake cin moriyar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ruwan, ga yashi, ga ambaliyar Agusta da Satumba, musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo. Kogunan Marwa ba a ma maganarsu, da rani yashi ne zalla.

Inda abin zai yi kyau shi ne tudun Adamawa, wajen Ngaundere, inda rafuka ke gangarowa da ƙarfi. Ko can ɗin ma, a auna ruwan a watan Maris, lokacin da ya fi ja baya, kafin a sayi ko katako ɗaya. Kai da ke Garwa, shawarata ka bincika farashin injin niƙa mai aiki da hasken rana.